Labari Ɗaya a Baki Biyu

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a cikin neman da kuke yi a can, Ya kuma nuna mana ranar da za mu sake zama a tabarma ɗaya.

Mu nan kowa lafiya lau. Umma tana nan da gwiwarta, ta ƙi sandar da aka saya mata, wai ita ba ta kai nan ba tukuna, sai ta bi bango tana dafawa tana yi mana faɗa. Tagwayena sun shiga aji na gaba, sun kuma shiga shekarun cin abinci kamar ana korarsu. Babansu yana gaishe ki. Cikin matar ƙaninmu Auta ya tsufa, yau ko gobe muke jira, Allah Ya raba lafiya.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurin wadda kika raɗa wa suna Rediyo. Dalili shi ne duk lokacin da kika kira, Umma sai ta sa a buɗe muryar wayar kowa ya ji, abin da zan faɗa miki kuwa ba na tsakar gida ba ne. Sau biyu kina tambayata yadda ganawar neman aikin nan ta kasance ina ce miki sai dai addu'a. Gaskiyar magana ita ce na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba.

Kin tuna da sabon babban kantin da aka buɗe, wanda ni da Auta muka kai takardunmu, ni ina neman kashiya, shi yana neman aikin sito. Kin kuma tuna saƙon muryar da kika turo mini, inda kika ce tambayoyi uku ne ke kayar da mutane: a ce ka faɗi rauninka, a ce ka ba da labarin saɓanin da ka taɓa yi da abokin aiki, a ce ka faɗi wani abu da ka nema ka faɗi ƙasa. Kika ba ni misali da naki. Kika ce rauninki shi ne ba ki iya cewa a'a, kika ba da labarin mutumin nan da yake barin kwalaye a hanya laifi ya dawo kanki, har ranar da kika sayo shayi kofi biyu kika zauna da shi, kika gano ciwon baya yake ɓoyewa tun da ya faɗo daga tsani, kuka yi musayar aiki. A ƙarshen saƙon kin faɗa, kin kuma maimaita, cewa misali ne kawai, in zauna in nemo nawa. Na ji ki sarai. Wannan laifin babu ko ƙwayarsa a kanki.

Na zauna neman nawa, sai na ga babu na nunawa. Raunina bakina ne, duk gidanmu an shaida. Saɓanina kuwa kin san shi, ranar da na wanke manajan tsohon wurin aikina tas a gaban masu sayayya, ya nuna mini ƙofa. Wa zai ɗauki wannan ya kai gaban masu ɗaukar aiki? Naki kuwa ga shi a wanke a goge, ga haƙuri ga hikima. Sai na ce bari in ara. Na haddace shi ina wanke-wanke, ina shara, ina gaban madubi, har da wurin da kike ɗan tsayawa ki ja numfashi. Don ƙarin alheri kuma na tura wa Auta saƙon, na ce ya saurara ya ƙaru. A tunanina masu sito daban za a gan su, masu kuɗi daban. Ban ce masa zan ara ba, shi ma bai ce mini komai ba.

Ranar da aka kira mu sai muka tarar layi ɗaya ne, ɗaki ɗaya. Aka jera mu a kan kujerun roba a wani dogon lungu mai warin sabon fenti, fanka ɗaya tana juyawa a can ƙarshe inda ba ta amfanar kowa. Auta yana gefena cikin farar rigar da ta ɗan yi masa yawa, leɓensa yana motsi. Na ɗauka addu'a yake yi, har na ji daɗi na ce yaron nan ya girma. Ni ma nawa leɓen yana motsi, shi ma ya ɗauka addu'a nake. Aka kira shi kafin ni, ya daɗe a ciki, ya fito yana murmushi ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce zai wuce ya kai matarsa awo.

Da na shiga na tarar da mutum uku a bayan dogon tebur: wata mata mai tabarau wadda ita ce shugabar, wani dattijo mai furfura yana wasa da biro, da wani da bai ɗago kai daga kwamfuta ba. Tambayoyin lissafi da na mu'amala da masu sayayya na amsa su ba gargada, har matar ta gyaɗa kai. Sai ta ce in faɗi raunina. Na gyara zama na ce ban iya cewa a'a ba. Ni, Yaya! Ni da nake cewa a'a tun kafin a gama tambaya. Na ga dattijon ya dubi matar, amma na ɗauka burge su na yi. Da aka zo kan saɓani na saki jiki, na kawo kwalaye, na kawo shayi kofi biyu, na tsaya na ja numfashi daidai inda kike ja. Kafin in ci gaba sai dattijon ya ajiye bironsa, ya tambaye ni a hankali ko mutumin nan ciwon baya yake fama da shi tun da ya faɗo daga tsani. Mai kwamfutar nan ya ɗago kai a karon farko, yana danne dariya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Matar ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo wata takarda ta ajiye kusa da tawa, ta ce ta ga sunan mahaifi ɗaya ne, shin na san saurayin da ya fita ɗazu. Na ce ƙanina ne, ciki ɗaya. Ta ce to ba ta zargin kowa, amma mutum biyu ba sa shan shayi ɗaya da mai ciwon baya ɗaya, kuma wurin nan kaya da kuɗin mutane za a damƙa wa wanda aka ɗauka, don haka tana so ta san labarin na wane ne.

Gaba kura baya sayaki. In na ce nawa ne, na mai da Auta maƙaryaci. In na faɗi gaskiya na ce na yayarmu ne, mu duka biyu mun tashi a tutar babu. Abin da ya zo mini a ido shi ne yaron nan da ya yi shekara da shekaru yana yawo da takardu a leda, yana fita da safe don kada maƙwabta su gan shi zaune, ga haihuwa a bakin ƙofa. Ni ko ba komai baban tagwaye yana kawo abin da ya samu. Sai na ji bakina yana cewa labarin na ƙanina ne, a gida ya ba mu, ni ce na ɗauka ba da saninsa ba. Ƙarya ta biyu ke nan a zama ɗaya, kuma ita ta fi fita sumul, abin da ya ƙara ba ni tsoron kaina.

Matar ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Daga nan ta yi mini abin da ban cancanta ba, ta ce to a ajiye na aro, in ba su nawa, ko mai daɗi ko marar daɗi. Yaya, Rediyonki ta mutu murus. Na buɗe baki, labarin manajan nan yana nan a maƙogwarona, amma na ga in na fito da shi yanzu na zama maƙaryaciya kuma mafaɗaciya a rana ɗaya. Na ce su yi haƙuri. Na ɗauki jakata na nufi ƙofa, na yi ta turawa ta ƙi buɗuwa, sai da dattijon ya ce ja ake yi. A cikin motar haya na juya fuska wajen taga na yi kukana, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Dama an ce kayan aro ba ya rufe katara, ni dai tawa a gaban baƙi ta buɗe.

A gida na ce musu masu ƙananan shekaru ake so. Umma ta yi ta faɗa wai ba su san ma'aikaciya ba, kowace kalma tata kamar ana ɗiga mini ruwan zafi. Ko baban tagwaye ban faɗa wa ba. Na yi ta istigfari, don ban san yadda ake auna ƙaryar da aka yi don ɗan'uwa ba, kuma ban yarda in yi wa kaina kirari da ita ba, tunda ni na haƙa ramin tun farko.

Makon da ya wuce aka kira Auta, an ɗauke shi. Ya shigo gida da gudu kamar ƙaramin yaro, ya durƙusa gaban Umma yana kuka tana sa masa albarka, matarsa tana dariya tana riƙe da ciki. Na yi murna, Allah Ya sani, murna ta gaskiya. Bai san abin da ya faru bayan fitarsa ba, ga alama mutanen nan sun rufa mini asiri. Da hayaniya ta lafa ya same ni a kicin, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce kada in damu, shi yanzu ya gane kan ganawar nan, in an sake kirana wani wuri in zo ya koya mini yadda ake amsawa. Na ci gaba da goge tukunyar da ke hannuna, na ce masa to, na gode.

Roƙona gare ki guda biyu ne. Ki yafe mini, na ɗauki abinki ba izini, na kuma bayar da shi kyauta. Sannan don Allah ko a waya ko in kin zo, kada ki sake ba da labarin mai ciwon bayan nan, kada kuma ki nuna wa Auta kin san wani abu. In ya ji, na san shi, zai je ya faɗi gaskiya ya ajiye aikin, ya bar ni da kunya biyu babu riba ko ɗaya.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babbar 'yarki mai sunan Umma, da ƙannenta duka. Umma tana sa miki albarka, Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, matar Auta ta ce ki sa ta a addu'a. Ni ma ki sa ni, akwai wani kantin magani da ke neman kashiya, na kai takarduna jiya. In sun tambaye ni, labarin manajan zan ba su, in sun kore ni su kore ni da nawa.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki, Maman Tagwaye.