Akawun da Hannuwansa Suka Mutu

Malam Cindo, don Allah ka taimake ni, dabara ta ƙare mini.

Ni mutumin Maigatari ne. A da akawu nake a Gumel, ina buga tafireta a ofishin En'e. Bara waccan motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar gida, na karye a wuya. Likita a Kano ya yi iyakar ƙoƙarinsa, aka maido ni a kwance. Daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ƙuda ya sauka mini a hanci, sai dai in jira wani ya shigo.

Maiɗakina Hasanatu ke ba ni abinci a baki, ita ke juya ni. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma ta rame, ko gidansu a Ɗanzomo ta daina zuwa. Wannan takardar ma ƙanena Muntaka ke rubutawa, kuma tun ɗazu yake duban ƙofa, don yau kasuwa ke ci. Duk abin da ke cikina sai ya bi ta hannun wani. Akwai maganganun da ba zan iya faɗa masa ba, shi ya sa ba ka gan su a nan ba.

Na gwada riƙe fensir da haƙori. Yawu ya jiƙa takardar, ni kaina na kasa karanta abin da na rubuta. Wani direba da ya dawo daga Ikko ya ce a Ingila akwai keken rubutu da ake sarrafawa da baki kawai. Gaskiya ne? In babu, gaya mini in daina jira. Har nakan yi tunanin in sallami Hasanatu ta huta, amma ko takardar sakin ba zan iya rubutawa ba.

Naka,
Akawu a Kwance

Ɗan'uwana, sannu. Allah Ya sa kaffara ce.

Ba zan ruɗe ka ba. Na tambaya a Kano da Zariya, ban sami wanda ya taɓa ganin irin wannan keken ba. Ko akwai shi, ban ga hanyar da zai iso Maigatari ba. Daina jiransa.

Ga ɗan abin da ya rage. Roƙi tsoffin abokan aikinka su aro maka tsohuwar tafireta. Kafinta ya yi maka tebur daidai haɓarka, a jingina ka, a gyara maka siririyar sanda, a naɗe inda za ka ciza da fata, ka riƙa danna haruffa da ita. Amma tambayi likita tukuna. Wuya zai yi ciwo, layi guda zai iya cinye maka wuni, takardar ma sai wani ya sa maka. Wataƙila kuma ta ƙi.

Muntaka kuwa, yi masa uzuri, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Batun Hasanatu, kada ka yanke shi kai kaɗai. Ta gaji, babu shakka, amma ba ta ce za ta tafi ba. Tambaye ta da bakinka, shi kam yana aiki. A samo wata 'yar'uwa ta riƙa karɓarta, ta je ta gano iyayenta.

In sandar ta yi, aiko mini ko da sunanka ne kawai. In ta ƙi, sa a rubuto mini duk da haka, zan karanta. Allah Ya kawo maka sauƙi, Ya ba Hasanatu ladan haƙurinta.