Zanen Inna Yana Ƙasan Adakata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Rahmatu, ɗiyar Malam Mamman Bawa na Gwandu, shekaruna goma sha bakwai. Ina rubuta wagga takarda da hannuna, da hantsin Talata, cikin watan Rajab na shekarar 1994. Hankalina ɗaya, ba zafin ciwo ke magana ba. Yau ma ciwon bai motsa ba.

Zuwa gare ku, Kubura da Larai. Ƙannena ne ku, ba ni na haife ku ba, amma tun rasuwar Inna shekara bakwai ke nan ni ke muku kitso da wanki, don haka ku ne 'ya'yan da nake da su. Kubura, ke za ki fara karantawa tunda ke ce a gida. In kin gama ki kai wa Larai Kalgo da ƙafarki. Wata goma ke nan ba ku magana, kuma dalilin yana cikin takardar nan.

Ranar da aka kai ni asibiti Birnin Kebbi, likita ya ja Baba waje suka daɗe. Da muka fito Baba ya saya mini tsire, shi da bai taɓa tsayawa gun mai tsire ba. Daga nan na gane. Wai zuciyata ce ta gaji. A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta ji irin wannan labari kuka take yi har shafi uku. Ni na jira kukan bai zo ba. Na ci tsiren, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na san abin da na bari duka Baba ke da iko da shi. Roƙonsa nake ya bar muku shi yadda na tsara.

1. Keken ɗinki na Larai ne. Kubura, kada ki ji haushi, ke ma kin san ba ki da haƙurin zura zare a allura. Larai, ki riƙa ɗiga masa mai duk Juma'a. In ya fara tsallake ɗinki, allura ce ta dakushe, ba lalacewa ya yi ba.

2. Kada ku bar sana'armu ta ɗinkin rigar girki ta mutu. Goggo Dije za ta ci gaba da aiko ƙullin gwanjo daga Kalgo: zannuwan gado, rigunan filo, labule, ƙyallen tebur. Ku wanke kome sau biyu kafin almakashi ya taɓa shi. Labule mai kauri na mahauta ne da masu suyar kifi. Zane mai laushi na masu masa da ƙosai. Rigar filo ita ce aljihu. Maɗaurin rigar girki ku yi shi da tsawo, masu tuya ba sirara ba ne, sun sha mayar mini da ɗinki saboda haka.

Babban abin shi ne wannan: ba a yanka zane sai an ɗaga shi ga rana. Mutum biyu ke yi, kowace ta kama kusurwa biyu ta ja. Inda haske ya ratsa, nan aka fi kwanciya, ya ci, ba zai jure miya da wanki ba. Gefe ake ɗiba, a bar tsakiya. Larai, kin sha yi mini tsiya cewa ina daɗewa hannunki na sagewa. Gaskiya ne. Tsayawa nake ina tunanin masu zanen, ko amarya ce, ko mijin matafiyi ne shi ya sa ɓangare ɗaya kaɗai ya ci. Har suna nake raɗa musu.

3. Littattafan soyayyata goma sha ɗaya ne, suna cikin kwali. Biyu na Jummai ne ta gidan liman, sunanta na ciki, ku mayar mata. Sauran ku karanta in kun ga dama, amma ba lokacin aiki ba. Akwai littafin rubutu mai jan bango, shi Kubura ta sa a murhu ba tare da ta buɗe ba. Haruna, direban da ke kawo mana ƙulli daga Kalgo, ku ce ina gaishe shi da aiki. Bai san kome ba, ban taɓa ce masa abin da ya wuce sannu ba. Ku bar shi haka.

Na lura kewaye-kewaye nake yi. Bari in faɗa.

4. Zanen gadon Inna, farin nan mai shuɗin fure a baki wanda ta yi wa surfani da hannunta, wanda ta ce na Kubura ne ranar da za a kai ta ɗakinta, ba sace shi aka yi ba. Ni na yanka shi.

Ranar nan Larai ta wanke shi yadda muke yi duk shekara, ya bushe, ta ninke shi furen na ciki, ta ɗora kan tarin gwanjona a tabarma, ta tafi rijiya. Ni kuwa saura shafi goma in gama wani littafi. Na buɗe shi a gefen gwiwata, na jawo na saman tarin, ban warware ba, ban jira Larai mu ɗaga shi ga rana ba. Da na jira, da ta ce mini Yaya wannan na Inna ne. Sai da almakashi ya fita ɗaya bakin na ga shuɗin zare.

Na tura shi ƙasan adakata. Da yamma Kubura ta nema, ta ce Larai ta bar shi kan danga an ɗauke. Larai ta rantse ta shigo da shi. Baba ya dake ta, har da rantsuwar ƙarya a cikin laifin. Ina zaune gaban keke ina takawa, babu ƙyalle a ƙarƙashin allura. Kwana uku bayan haka Goggo Dije ta zo, Larai ta bi ta Kalgo, ba ta dawo ba.

Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Mutane suna yabona wai ina da kunya. Ga abin da kunyar ta yi.

5. Baba, na san za a karanta maka. Larai ba ta yi ƙarya ba. Ka je Kalgo tare da Kubura ka dawo da ita. Ba sai ka ce kome ba in ya yi maka nauyi, ka ɗauko mata ƙullin kayanta da hannunka, za ta gane. Kubura, kalmar maƙaryaciya da kika jefe ta da ita gaban mutanen gida, gabansu za ki janye ta. Ni kuwa ban ce dole ku yafe mini yanzu ba. In ya samu kafin a ɗauke ni, to. In bai samu ba, ku yi daga baya, zai iso ni.

6. Abin da ya saura na zanen. Kafin ƙafafuna su kumbura na fito da shi na ɗinka rigar girki biyu daga gefen, inda furen yake. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai su ba. Guda ta Kubura, guda ta Larai. Kubura, na san ba wannan Inna ta yi miki alkawari ba. Ba ni da ikon mayar da shi zane.

Tsakiyar ban yar ba, tana ninke a ƙarƙashinsu. Ban taɓa ganin ta a rana ba, don ba ni da wanda zan ce ya kama mini. Na sha gwadawa ni kaɗai, sai ta naɗe. Wannan ba ta kowa ba ce, ba kuma za a raba ta ba. Ranar da Larai ta dawo ku fita tsakar gida da hantsi, kowace ta kama kusurwa biyu. Inda haske ya fi ratsawa, nan Inna take kwanciya, kusa da shi kuma akwai inda take kwantar da duk wadda zazzaɓi ya kama a cikinmu. Ku duba mini. Kada wadda ta riga sakin nata ɓangaren.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku mazaje masu sauƙin hali, Ya ba Baba haƙuri, Ya jiƙan Inna. Duk inda aure ya kai ku, ku riƙa zuwa wa juna, ku riƙe Goggo Dije, kada ku bar Baba ya ci tuwo shi kaɗai. Ni kuma Allah Ya sa in cika da kalmar shahada.

Makullin adakar yana cikin aljihun keke, ƙarƙashin zare.

Yayarku,
Rahmatu