Gara ce ta ci dawar, ba Magdalene ba

Ni Yari, mahaifinku, na rubuta wannan a Zuru cikin Nuwamba 2006, da hannuna, da hankalina garau. Na fara da batun hankali ne domin shekara uku ke nan kuna cewa tsufa ya taɓa ni.

1. Japhet, kai ne babba. Ka tafi Bena da ƙafarka ka dawo da Magdalene, matar marigayi ƙanenka Sila, da 'yarta Goodness. Kada ka aika kowa.

Kun tuna ranar da aka buɗe babban rumbu aka tarar dawa ta ragu da rabi. Nan take kuka ce ita ce. Baƙuwa ce, mijinta ya mutu, ga shi ta sayi injin niƙa. Magana ta zauna daidai, har ni na gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaye ta inda ta samu kuɗin, alhali haƙƙin Sila ne da aka biya ta daga soja. Shekara bakwai yaron nan yana golmo, yana noma wa ubanta kafin a ba shi ita, kuka kore ta cikin yini ɗaya.

Da damina ta sauka na leƙa ƙarƙashin rumbun, na ga gara ta huda shi ta ƙasa. Ni na gina shi. Bayana na ciwo a shekarar, sai na rage duwatsun da ake ɗora shi a kai, ban kuma zuba toka ba. Na tara ku na faɗa. Ɗana Dominic ya yi dariya, wai gara ba ta taɓa cin rumbun Baba ba. Ko sunkuyawa ba ku yi ba. Ƙarya ta yi kama da gaskiya kun karɓa, gaskiya ta zo da abin kunya kun ce ruɗewa ce. Har yau raina a ɓace yake, da ku da ni kaina.

2. Gonar gindin dutse ta Magdalene ce da Goodness. Ta hanyar Kanya ku raba, Japhet da Dominic. 'Yata Hannah ta ɗauki awaki da akwatina, ita kaɗai ta yi kuka ranar da kuka kori Magdalene.

3. Kada a rushe rumbun. Duk wanda aka kawo wa zancen wani, ya je ya durƙusa ya leƙa ramin nan kafin ya buɗe baki.

4. Ku ba Magdalene haƙuri a gaban coci, inda kuka ɓata sunanta.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku a tsakar gida ɗaya, ya yafe mini. Amma kada a sa ni a kabari sai Magdalene ta iso. Ita za ta fara zuba mini ƙasa. In ta ƙi, tana da gaskiya, kada wanda ya ga laifinta.