Gwajin da Bai San Shanun Baba Ba

Isa, ranar Lahadi.

Yaya Lawwali,

Gaisuwa mai yawa. Ina su Baba da Inna, ina Burkusuma da wannan fari? Allah shi kawo sauƙi.

Albishirinka! Ƙungiyar da ta haƙa muna rijiyar sola ta ɗauke ni aikin manhajar rabon ruwa, wadda za ta riƙa tura wa kowa ranar shayar da garkenshi ta waya. Ni ɗin nan da kake cewa za ni makance da karatu a waya.

Da na zo, Wakili, shugaban aikin, da hannu yake gwada ta, yana latse-latse kamar mai tsince tsakuwa cikin gero. Na ce mai kafin shi gama shanun sun zama ƙirgi. Ya haɗe rai, amma ya bar ni na rubuta gwaji mai gudanar da kanshi. Duk wanda ya taɓa manhajar, gwajin zai ƙirƙiro makiyayan ƙarya shi jera su. In wani ya tsallake layi, allo ya yi ja, gyaran ba ya wucewa. Ka ce wa Baba shi kwantar da hankali, ɗanshi na ciki.

Ƙaninka,
Kalilu.

Isa, ranar Alhamis.

Yaya,

Ina gajiya, ina jikin saniyar Baba? Tunda ka ce ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, na kasa zama. Na shiga manhajar na turo garkenmu gaba. Yaya, ja! Na sake ta wata hanya, ja! Na zage shi tas, abin da na rubuta da hannuna, ko gezau.

Ana haka Ardo Yero ya shigo, wanda ya rantse Fulaninshi ba za su bi rabon da ɗan manoma ya tsara ba. Wakili ya nuna mai allon, ya gaya mai garken wa aka hana. Ardo ya daɗe yana dubana, sannan ya ce a rubuta mutanenshi duka. Wallahi har yanzu haushi da murna sun haɗe mani.

Ranarmu Litinin ce, ba ta motsi. Gobe za ni ari babur ɗin Wada in ɗauro jarkoki in kawo mata. Ka fara gaya wa Baba, shi huce kafin in iso.

Naka,
Kalilu.