Idon Baba da Littafin Florence

Litinin, 7 ga Afrilu
Likita a Jega ya ce yanar idon Baba ta kai a yi aiki. An ba mu ranar sha bakwai. Sai da muka iso gida Aliero, a ƙofar gida Baba ya ce: "Ba wanda za ya sa man wuƙa ga ido." In ya ƙi, makanta ce. Ni kuma ban taɓa iya yi masa magana ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na koma makaranta Maiyama, ban san abin da na koyar ba. Florence, malamar Turanci, ta ba ni aron littafi, wai zai ɗauke mini hankali. An gina shi kan tatsuniyoyin Rasha. Wata yarinya ce ta shiga dajin ƙanƙara neman ubanta, ta iske bukka mai ƙafafun kaza tana juyi. Na ce shirme. Sai da aka buga tashi na ɗago kai.

Asabar, 12 ga Afrilu
Zafi kamar a mutu, ni ina cikin ƙanƙara. Baba na zaune a zaure, tun da ido ya hana shi zuwa rumbun albasa. Ya ji ina dariya ni kaɗai.
"Rahma, mi ag ga takardag ga?"
Na fassara masa shafi biyu. Ya ce, "Ƙasa duk ƙanƙara, to mi suka noma?" Ban sani ba. Ya ce in ci gaba.

Talata, 15 ga Afrilu
Kullum bayan la'asar nake karanta masa yanzu. Ina hawo babur daga Maiyama don wannan kawai. Ya tsani tsohuwar da ke cikin bukkar, ya ce ta yi kama da gwaggonsa. Yau yarinyar ta miƙa hannu cikin tanderun tsohuwa don ta karɓo wuta. Baba ya ce, "Ɗiyag ga tana da zuciya." Ban kawo zancen asibiti ba. Saura kwana biyu.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Da safe na iske shi da hula da sanda. Ya ce wa Yaya Hamma ya tada mota. Ba wanda ya tambaye shi dalili.
Awa biyu ina kan bencin asibiti ana yi masa aiki. Na buɗe littafin, layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Juma'a, 18 ga Afrilu
An cire bandeji. Ya ƙirga yatsun likita daidai. Alhamdulillahi. Ya daɗe yana kallona, ya ce na rame.

Laraba, 23 ga Afrilu
Littafin ya ƙare tun Lahadi, yarinya ta dawo da ubanta gida. Ban gaya masa ba. Kwana uku ke nan ina buɗe shafin ƙarshe ina ƙago abin da ya biyo baya. Jiya na sa ta shuka albasa da ƙanƙara ta narke. Ya ce ba haka ake dashe ba, ya yi mini bayani har aka kira magariba.
Ina jin ya lura ba na juya shafi. Duk da haka cewa yake in ci gaba.
Florence ta tambayi littafinta. Na ce ban gama ba.