Rasuwar Baba Tawada da Fostar da Ta Riga Ajalinsa

Cikin alhini mai nauyi, haɗe da wata damuwa da ba mu ga amfanin ɓoye ta ba, Zumuntar Kiristoci Masu Sana'ar Ɗab'i take sanar da 'ya'yanta, da ikkilisiyoyi, da maƙwabtanmu Musulmi da Kirista, da jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar Ubanta kuma Shugabanta na farko, Mai Girma Dattijon Ikkilisiya, Mai Bishara, Uban Masu Ɗab'i, wanda yara da manya suka fi sani da Baba Tawada, wanda ya huta cikin Ubangiji ranar Talata da misalin ƙarfe tara na safe, bayan jinyar kwana goma sha tara a asibiti. Ya bar uwargidansa, wadda dukanmu muke kira Mama, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da kuma mu da muka koyi sana'a a hannunsa, muka sha faɗansa, muka ci moriyarsa.

Shekara talatin da ɗaya Marigayi Dattijo ya yi a maɗaba'arsa mai ɗaki biyu, tsohon injin ɗab'i a ɗakin gaba, injin yanka takarda da kujerun taron wannan Zumunta a ɗakin baya, kuma da wuya a sami majami'a a wannan yanki wadda ba ta rera waƙa daga littafin da ya fito daga hannunsa. Farcensa bai taɓa rabuwa da baƙin tawada ba ko ranar Lahadi, daga nan ne sunan ya samo asali. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi ya san al'adarsa ta dangwala babban yatsa a kan takarda kafin ya yarda a kai ta bakin wuƙa. In yatsan ya ɗauko ko ɗigo, sai ya harare ka ya ce, "Ina kake sauri? Aiki ɗanye ba a yanka shi, bar shi ya kwana."

Jama'a ba za su manta da shekarar da gari ya ɗauki zafi tsakanin Musulmi da Kirista ba, lokacin da da yawa daga cikinmu, har da mai wannan rubutu, muka sauke allunan shagunanmu muka tura ƙarƙashin tebur. A makon ne wasu mutane suka zo ƙofar Marigayi suka ba shi zaɓi, ko ya cire gicciyen da ke kan allonsa ya kuma daina buga ɗan littafin da ya rubuta yana bayyana dalilin da ya sa Kirista suke bin Yesu Almasihu, ko ya ga abin da zai biyo baya. Dattijo ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa ya ce musu, "Allon nan da hannuna na kafa shi, ba da hannuna za a sauke shi ba. Littafin kuma ga shi, ku karanta. In kun sami zagi ko layi ɗaya, ni da kaina zan cinna masa wuta." Ba su karanta ba. Suka farfasa gilashin tagarsa da jifa, aka kuma tsare shi kwana biyu wai don kare lafiyarsa, alhali ko mutum ɗaya cikin masu jifan ba a tsare ba, abin da har yau ba a yi mana bayaninsa ba. Da aka sake shi bai wuce gida ba, sai da ya biya shago ya miƙe allon da ya karkace.

Amma gaskiya ta wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren, ko da ba zai yi wa wasu 'yan'uwanmu daɗi ba. Bayan ƙura ta lafa, wasu manya daga cikinmu Kirista suka kawo masa takarda cike da zagin addinin maƙwabtanmu, suka ce ai shi ne jarumin da zai iya bugawa. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya miƙa musu, ya ce injinsa wa'azi yake yi, ba a koya masa ashar ba. Daga ranar, mutumin da ya zauna shi kaɗai a gaban masu jifa ya koma matsoraci a bakinsu, wasu ma suka ce an saye shi. Muna sane da fuskokinsu, kuma mun lura cewa wasunsu ne suka riga kowa zama a gidan makoki, kukansu ya fi na 'ya'yan mamacin ƙara.

Jikin maɗaba'ar akwai shagon wani bawan Allah Musulmi mai gyaran injuna, wanda kowa ke kira Alhaji Makanike. Shekara ashirin shi ne ke kwance injin Marigayi ya ɗaura, kuma shekara ashirin suna gardamar addini a kan benci guda da kofin shayi a hannu, babu wanda ya matsa ko taƙi. Dattijo kan ce, "Alhaji, har yanzu ba ka gane ba?" shi kuma ya amsa, "Dattijo, tambayar da na zo yi maka ke nan." A kan wannan benci Marigayi ya yanke jiki ya faɗi, Alhaji ne kuma ya cicciɓe shi ya sa a mota ya kai asibiti. Likitan da ya duba shi ya rubuta, ya kuma maimaita a gaban iyali da wakilanmu, cewa hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Mama da kanta ta tarar da ƙwayoyin maganinsa na wata uku a cikin durowa, ƙarƙashin guntayen takardu, ko ɓare su bai yi ba. Baba ya fi ƙarfin masu jifa, amma taurin kansa a kan shan magani babu wanda ya iya da shi.

A nan ne wannan ta'aziyya ta zama dole ta faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba. Marigayi ya cika da ƙarfe tara. Kafin sha biyun rana, fostoci sun cika bangon layinmu da ƙofofin majami'u, ɗauke da hotonsa, suna cewa an kashe shi ne saboda bangaskiyarsa, wai maƙwabcinsa ya sa masa guba a shayi, suna kuma kiran matasa su taru a ƙofar wannan maƙwabci ranar jana'iza. Ba a rubuta sunan kowa ba, amma maƙwabci ɗaya ne yake shan shayi da Baba, kowa kuma ya san shi. Tun daga ranar Alhaji bai buɗe shago ba, matarsa ta kwashe yara ta kai gidan iyayenta.

Wanda ya shirya wannan aiki ya manta cewa a layin masu ɗab'i ya zo ya manna shi. Mun ɓamɓaro ɗaya daga bango, gam ɗin bayanta da sauran danshi, muka dangwala yatsa a kan tawadar kamar yadda aka koya mana, yatsan ya fito fes. Fostar kala biyu ce, baƙi da ja, kuma irin wannan aiki sai an yi farantin ɗab'i, an buga kala ta farko ta sha iska, an bi da ta biyu, an bar shi ya kwana, sannan a yanka. Gefenta a yanke yake tsaf, babu inda ya dame. Babu mai ɗab'in da zai fitar da wannan cikin awa uku, ko da shi ne Baba Tawada. Sa'annan muka duba ƙasa, inda aka sa ranar rasuwa, muka ga gurbi aka bari aka cike da biro. Ma'ana, tun Dattijo yana kwance yana numfashi, Mama tana goge masa baki da tsumma, wani ya riga ya buga mutuwarsa ya jera a kwali yana jiran a ba shi kwanan wata.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce wani baƙo ne daga nesa. Amma kowane inji yana da tabonsa, kamar yadda kowane mutum yake da irin tafiyarsa. Robar da ke ɗaukar tawada a injin Marigayi tana da 'yar tsaga, wadda take barin siririn layi a gefen hagu na duk abin da aka buga tun shekara shida da suka wuce. Duk mai littafin waƙoƙi na bugun baya-bayan nan ya buɗe ya duba, zai gan shi. Wannan layi yana jikin kowace fosta da muka ciro. A kan injin Baba aka buga ta, da takardarsa, da tawadarsa, hoton ma wanda ke rataye a ɗakin taronmu ne. Injin da Baba ya hana yin zagi yana kan ƙafafunsa, an sa shi ya yi ƙarya Baban yana kwance.

Kwaɗon ƙofar ba a fasa shi ba, kuma Alhaji Makanike ba shi da mabuɗi. Da Dattijo ya kwanta, Mama ta damƙa mabuɗai ga mutum uku: Babban Ofaretan maɗaba'ar don ya ƙarasa aikin da ke kan inji, Mai Girma Mataimakin Shugaban wannan Zumunta saboda taron mako, da kuma Sakataren Yaɗa Labarai saboda takardun ƙungiya da ke ɗakin baya, wato ni mai sa hannu a wannan sanarwa. Ranar Laraba Mama ta zaunar da mu uku a gabanta ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Ofareta ya ce bai sani ba. Mataimakin Shugaba ya ce bai sani ba. Ni ma na ce ban sani ba, kuma ba na roƙon kowa ya gaskata ni fiye da su. Ko dai ɗayanmu ya tayar da injin da hannunsa, ko ya ara wa wani mabuɗi yana rufa masa asiri. Tun ranar muna gaisawa, amma ba mu iya kallon juna cikin ido, kuma ina faɗa a fili cewa ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Kada kowa ya ɗauki wannan bayani a matsayin cewa Zumunta ta manta da abin da Kirista suka sha, ko ta daina sa ido. Mun karɓi gaisuwar wasu da muka san hannunsu a fasa gilashin nan, mun amsa da ladabi, amma ba mu ji ko ɗayansu ya ce ya yi kuskure ba. Mun kuma ji shawarar wasu jami'ai cewa a binne Dattijo shiru, babu waƙa, babu jerin gwano, muna kuma tambayar kanmu wa wannan shirun zai amfana. Ba za mu binne Ubanmu kamar ɓarawo ba, gicciyen kuma yana nan a kan allo. Sai dai akwai 'yan'uwanmu da aka kashe da gaske saboda sunan Almasihu, kuma duk wanda ya ƙirƙiro kisan ƙarya don ya zubar da jinin marar laifi, su ya fara ci wa mutunci.

Ga Mamanmu, uwar marayu, da 'ya'yan Marigayi, da jikokinsa, da dukan dangi, Zumunta tana addu'a Ubangiji Mai Ta'aziyya ya riƙe ku, ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi da kuma wannan cin amana da ya zo a kansa, ya kuma ba Bawansa hutu a wurin da babu jifa babu ƙazafi. Muna neman gafararku, domin amanar da kuka ba mu ba mu riƙe ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga majami'arsa zuwa makabarta. Wakilanmu sun roƙi Alhaji Makanike ya bar gari na 'yan kwanaki, ya ce, "In na gudu, na amsa laifin ke nan. Abokina ne, zan raka shi." Da aka kai wa Mama wannan magana, ta ce, "To, a gefena zai tafi. Mai dutse ya fara da ni." Dukan masu ɗab'i za su rufe shagunansu su kewaye su biyun tun daga ƙofar majami'a har a dawo, saboda haka matasan da aka gayyata su san da wa za su haɗu.

Mama ta kuma yanke hukunci guda, wanda Zumunta ta karɓa ba tare da gardama ba. Mu uku masu mabuɗai ne za mu kama gaban akwatin gawa, hannuwanmu a inda kowa yake gani, ba mai sauya mu a hanya. Wanda ya buga fostar nan a cikinmu ya yi kwana da kwanaki yana jiran gawar Baba. Ranar Asabar zai ɗauke ta a kafaɗarsa, ya ji nauyinta har bakin kabari.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
Zumuntar Kiristoci Masu Sana'ar Ɗab'i,
a madadin Shugabanni da dukan 'Ya'yan Zumunta.