Ƙarfen Cinyar Baba

Tawa, ran Lahadi

Yaya Issouf,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Agadas? Mu nan sai godiya.

Yaya, hankalina bai kwanta da aikin da aka sake yi wa Baba a Yamai ba. Ƙarfen farko na ƙugunsa ya yi shekara goma sha ɗaya kafin ya fara girgiɗi. Wannan kuwa wata biyu kacal, ga Baba yana ɗingishi, in zai zauna sai ya cije leɓe. Na ɗaga hoton ƙashin a rana na duba. Wallahi ƙarfen ba guda ba ne: dogo cikin cinya, gajere a samansa, ga tsagin haɗi a tsakani. Ina zargin karyewa ya yi a hannunsu, suka haɗa, suka ɗinke, suka yi shiru. Na yi wa Baba maganar, ya kau da kai, wai in bar likitoci su huta. Shi ma ban yarda da shi ba.

Gobe zan kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya

Tawa, ran Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ɗauki alhakin mutane. Likitan ƙashi ya sake hoto, ya ce ba karyewa ba ce, haka ake ƙera ƙarfen, guda biyu a haɗe. Ƙashin Baba ya cinye ta sama, shi ne aka kafa dogon can ƙasa inda yake da ƙwari, aka zaɓo na saman daidai tsawon ƙafarsa. Amma ya ce ƙarfen ya ɗan nutse, alamar an ɗora masa nauyi tun bai kama ba. Ya tsura wa Baba ido.

Nan Baba ya fasa ƙwai. Ashe da na tafi koyarwa, sai ya jingine sandunansa, amininsa Malam Tanimu ya goya shi a babur zuwa ƙauyen Kalfu, ya ja wa shanunsa ruwa da guga. Wai ba sa ƙoshi a hannun wani. Likita ya ce in ƙarfen ya ƙara nutsewa sai aiki na uku, kuma ba lallai ƙashin ya ɗauka ba. Na yi kuka har kunya ta kama ni.

Baba ya rantse ya daina. Na sa an kawo jar saniyarsa an ɗaure a tsakar gida, yana shayar da ita daga kan kujera. Takalmansa dai suna cikin jakata, da su nake zuwa makaranta.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya